Ranar da Na Kai Bappa Motsa Jiki a Gwaram

Masu bibiyata, ku gyara zama, na yau ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai. Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Khairiyya, 'yar garin Sara ce ni a ƙasar Gwaram. Shekarata ashirin da huɗu, ina koyar da 'yan aji uku a firamare, da yamma kuma in hau keken ɗinkin Inna in ɗinka hijabai. Hali ɗaya gare ni da kowa ke kuka da shi a gidanmu, wato tambaya. Tun ina ƙarama in aka ce kar a taɓa abu, sai na ji dalili hankalina yake kwanciya. Wannan halin ne ya kai ni inda zan kai ku yanzu.

Bappa, haka muke kiran mahaifinmu, mutum ne da ban taɓa ganin hantsi ya same shi a gida ba. Daga masallaci sai wajen shanunsa a bayan gari, daga can sai gona. A farkon daminar bana ƙafafunsa suka fara kumbura har takalminsa na roba ya daina shiga. Sai numfashi ya biyo baya. In zai kwanta sai an jera masa filo uku, in ba haka ba ya tashi yana haki kamar wanda ya yi gudu. Kwananmu tara a asibiti a Birnin Kudu. Likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe ba a sani ba ya gajiyar da zuciyar, ta buɗe, ba ta tura jini yadda ya kamata. Aka janye ruwan jikinsa da magani, aka sallame mu da leda cike da ƙwayoyi, aka ce a rage gishiri da dunƙule, a bar kanwa gaba ɗaya. Ranar sallamar ni na fita neman mota, Inna ce ta karɓi takardu.

Muna dawowa Goggo Batulu, yayar Bappa, ta taso daga Kwandiko da jakarta ta tare a ɗakin baƙi. Ita ta kafa doka: Bappa ba ya ɗaga ko buta. Ruwan alwala a kawo masa, sallah a zaune, masallacin da ke ƙofar gidanmu ma an hana shi. In ya yunƙura zai miƙe, mutum biyu ne ke rugowa. Wata biyu ana haka. Kumburin ya tafi, amma ƙafafun suka sirance, maganarsa ta ragu. Wuni yake a tabarma ƙarƙashin rumfa, yana kallon ƙofar zaure. Tambayarsa ɗaya in na dawo daga makaranta, ko saniyarsa mai farin goshi ta haihu.

Ana cikin wannan aka taso da maganar aurena. Munzali ɗan cikin garin Gwaram ne, aikin haɗa sola yake yi, shekararmu ɗaya da rabi tare. Ba wanda ya haɗa ni da shi, ni na gani na ce ina so. An kawo gaisuwa tun bara, aka tsayar sai bayan babbar sallah mai zuwa. Amma Goggo ta fara bin Inna madafi suna ƙus-ƙus, har na gane inda aka dosa: a matso da bikin kafin kaka ta ƙare, don Bappa ya gani da idonsa. Ba su faɗi sauran ba, ni ma ban so a faɗa ba. Ina son Munzali, amma ba na son a ɗaura min aure da ƙamshin zaman makoki.

Wata Juma'a allurar keke ta karye, na buɗe kabad ɗin Inna ina neman wata. A cikin langar da take ajiye zare da maɓallai na ga takarda a ninke huɗu, da hatimin asibiti a jikinta. Ku kun san ni, ba zan mayar ban karanta ba. Da Turanci aka rubuta. Likita ne yake tura Malam Hambali Dabo, wato Bappa, mai shekara sittin da ɗaya, zuwa rukunin motsa jiki na masu ciwon zuciya a Gwaram, duk Litinin da Alhamis da ƙarfe bakwai da rabi na safe, har tsawon mako goma sha biyu. A ƙasa akwai lambar waya.

Sau uku na karanta. Motsa jiki? Mutumin da muke hana shi ɗaga buta?

Na sami Inna tana tankaɗe na nuna mata. Ba ta musa ba. Ta ce nas ta yi mata bayani ranar sallama, ta zo ta faɗa wa Goggo, Goggo ta ce wannan wasan yaran likitocin zamani ne, mai ciwon zuciya in ya motsa faɗuwa yake, a ɓoye kar ma ya ji. Inna ta ce ita tsoro ne ya hana ta gardama. In ta kai shi wani abu ya faru a can, da wane ido za ta kalli danginsa?

Na zagaya bayan rumbu na kira lambar. Wata mata ta ɗauka, ta ce ita ce Sista Ummussalma mai kula da rukunin. Ina faɗin sunan Bappa ta ce ai mako bakwai ke nan sunansa yana cikin littafinsu. Sun kira lambar da aka bari sau biyu, wata dattijuwa ta ce ya yi tafiya. Na san wace dattijuwa ce.

Daga nan na sako mata tambayoyi. Ta yaya tafiya za ta gyara zuciyar da ta gaji? Ba ƙara mata aiki za a yi ba? In ya faɗi fa? Ta ce min zuciya tsoka ce, kuma ba ita kaɗai take aiki ba. In mutum ya daɗe a kwance cinyoyinsa da huhunsa suna raunana, sai ya zama ɗan takun da zai yi zuwa banɗaki ma zuciyar ta sha wahalarsa. Ta ce ba gudu ake yi ba, ba tsalle. Kullum sai an auna mutum kafin ya taka, in an ga abin da bai yi ba a zaunar da shi ko a mayar da shi wajen likita. Kuma ba kowa ake turowa ba, sai wanda likita ya ga jikinsa ya daidaita. Da na ƙi gajiya ta yi dariya ta ce ko 'yar jarida ce ni.

Bayan la'asar na zauna gefen tabarmar Bappa na karanta masa takardar, ina fassarawa. Goggo tana kan kujera 'yar tsugunno tana jan carbi, carbin ya tsaya. Ta fara faɗa, ta ce ni yarinya ce ban san mutuwa ba, ita ta binne ƙanne biyu, ba za ta ba da na uku a kai shi fili a gwada ba. Gaskiya a nan na ji tausayinta. Bappa ya bar ta ta gama. Adda yake ce mata.

"Adda, maganin da kuke ba ni safe da yamma wa ya rubuta shi?"

"Likita."

"Wannan takardar fa?"

Ta kawar da kai.

"To me ya sa aka ba ni rabin maganarsa aka ɓoye rabi? Khairiyya, ki nemi izini a makaranta. Litinin za mu je."

Daren Lahadi na tura wa Munzali saƙo cewa gobe zan shigo garinsu da Bappa, amma ban faɗi inda za mu ba, so nake in ga yadda abin yake tukuna. Ya amsa: "Allah ya kawo ku lafiya ranki ya daɗe. Da safe ina da ɗan uzuri, amma daga ƙarfe tara ni naki ne." Na yi murmushi na ajiye wayar.

Da safe na rasa me ake sawa a je irin wannan wuri. Na ƙare da atamfata shuɗiya mai zanen ganye, hijabi ruwan toka iya gwiwa, da farin kambas ɗin da nake sawa ranar wasannin makaranta. Bappa kuwa babbar rigarsa ta Juma'a ya ɗauko, da ƙyar na lallashe shi ya sa jamfa da wando. Goggo ba ta fito ba. Inna ta biyo mu har zaure da gorar ruwa, bakinta yana motsi da addu'a, ta damƙa min hannunsa kamar ni ce babbar.

Ƙaramar bas muka shiga, direba ya ba Bappa gaba. Duk hanya idonsa yana kan gonaki. Gero ya yi kai, dawa ta fi mutum tsawo, shi da ya shuka tasa bai ga ko hudarta ba.

Wurin a bayan wani ƙaramin asibiti yake, fili ne mai inuwar darbejiya. An jera duwatsu an shafa musu farin fenti sun zagaye filin, kowane ɗan taƙi akwai benci. Mutum kusan ashirin na gani. Na zaci tsofaffi zan tarar, sai ga wani tela da na sani a kasuwar Sara, ga wani mai ƙiba da aka ce mahauci ne. Ɓangaren mata yana bayan katanga, na leƙa na ga har da sa'o'ina, jariransu a tabarma wajen kakanni. Na tambaya, aka ce waɗanda zuciyarsu ta yi rauni bayan haihuwa ne. Ban taɓa sanin akwai irin wannan ba.

Sista Ummussalma gajeriya ce mai tabarau, hijabinta fari, muryarta ta fi jikinta. Ta auna jinin Bappa, ta maƙala masa wani abu a yatsa yana nuna bugun zuciya, ta danna ƙaurinsa ta ga ko zai lotsa, ta ɗora shi a sikeli. Ta tambaye shi filo nawa yake kwana a kai yanzu, ya ce ɗaya. Ta ce masa dokar wurin guda ce: ya yi tafiyar da zai iya hira a cikinta. In magana ta fara yankewa ya rage, in ƙirji ya riƙe ko jiri ya zo ya ɗaga hannu ya zauna. Sannan ta ce kowane sabon zuwa ana haɗa shi da tsohon hannu ya taka da shi. Ta juya ta ɗaga murya.

"Munzali, zo ga sabon ɗalibi."

A raina na ce Munzali ai da yawa a Gwaram. Wani da ke tsugune yana ɗaure igiyar takalmi ya miƙe ya juyo.

Masu karatu, shi ne.

Ban taɓa ganinsa ba sai cikin kaftani da maɓalli har wuya. Yau farar riga ce mai gajeren hannu a jikinsa, wuyanta a buɗe, kuma daga ƙasan maƙogwaronsa wani tabo ya miƙe ya shige cikin rigar, mai kauri, irin na ɗinkin asibiti. Ya tsaya cak. Na ga hannunsa ya tashi zai rufe wurin, sai ya fasa. Ya ƙaraso ya durƙusa ya gai da Bappa. Bappa ya kalli tabon, ya kalli fuskarsa.

"Kai ma?"

"Ni ma, Bappa."

"To tashi ka nuna min hanya."

Haka suka tafi suka bar ni tsaye da gorar ruwa. Na samu benci na zauna. Aka fara da juya kafaɗu da ɗaga gwiwa a hankali, sannan aka shiga zagaye. Munzali ya rage takunsa daidai da na Bappa, bai riƙe shi ba, hannunsa dai yana kusa da gwiwar hannun Bappa. Da suka zo wucewa ta gabana na ji Bappa yana ba shi labarin saniya mai farin goshi, yana yi yana numfashi, amma maganar ba ta yanke ba. Ni kuwa ido biyu sun yi min kaɗan. Ina duba fuskar Bappa ko ta canja, ina duba wancan tabon.

Na matsa kusa da Sista na ce, kamar ba komai, wannan saurayin me ke damunsa? Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce labarin majinyaci daga bakinsa ake ji. Na ji kunya na koma bencina.

Zagaye uku Bappa ya yi, da hutu biyu a tsakani. Da ya zauna gumi ya jiƙa masa hula, ya karɓi gorar ya sha da kansa. Aka sake auna shi, Sista ta ce ya yi kyau, Alhamis ma uku zai yi, kar ya ce zai ƙara don ya ji daɗi. Aka tara su ana yi musu bayanin yadda za a sa miya ta yi daɗi da daddawa da citta ba sai an cika gishiri ba. A lokacin Munzali ya zo ya tsaya a ƙarshen bencina, bai zauna ba.

Ban tambaye shi ba, shi ya fara. Ya ce yana yaro ya sha fama da ciwon maƙogwaro da ciwon gaɓoɓi, ana ba shi jiƙo yana wucewa, ashe abin yana cin wata ƙofa a cikin zuciyarsa. Shekara huɗu da suka wuce aka kai shi Sudan aka cire ta aka sa ta ƙarfe. Akwai ƙwayar da zai sha kullum har ƙarshen ransa don kar jini ya daskare a wurin, kuma duk wata yana zuwa Birnin Kudu a gwada jininsa. Da aka buɗe wannan rukuni likitarsa ta turo shi, ya gama makonninsa, ya ci gaba da zuwa yana taka wa sababbi. Ya ce kafin ni ya nemi wata, ya faɗi gaskiya tun farko, mako bai zagayo ba aka dawo da kayansu. Kowace Asabar in zai zo wajena sai ya shirya maganar a kan mashin, in ya shiga zaurenmu ta gudu.

"Yi shiru ki saurara," ya ce.

Na yi shiru. A ƙarƙashin surutun mutane na ji wani ɗan sauti, ƙyas, ƙyas, ƙyas, a jere ba ya kuskure. Na sha jin sa a zaure in hira ta tsaya, na ɗauka agogonsa ne. Na kalli hannunsa, babu agogo.

Abin mamaki, a daidai lokacin ba kuka ne ya zo min ba. So nake in san yadda ƙarfe yake buɗewa yana rufewa a cikin mutum bai yi tsatsa ba. Sai daga baya ɓacin ran ya iso.

"Ba ciwon ne ya ɓata min rai ba," na ce.

"Na sani."

"Ana shirin matso da bikinmu. Da sai a ɗakina zan ga wannan?"

Ya sunkuyar da kai. Ya roƙe ni in bari ya zo Asabar ya faɗa wa su Inna da bakinsa. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, na je na ɗauko Bappa.

A mota Bappa ya yi barci, kansa jingine da gilashi, irin barcin wanda ya yi aiki. Ni kuwa har muka iso Sara ina lissafin yadda zan riƙe bakina zuwa Asabar. Ashe wahalar banza na yi.

Mun tarar da Goggo a tsakar gida da kalanda a cinya, ta zagaye wata Asabar da biro. Ta dubi Bappa sama da ƙasa, ta ga ya shigo da ƙafarsa. Inna ta kawo masa fura marar sukari ya shanye. Sai da ya ajiye ludayi ya ce, kamar mai ba da labarin kasuwa, ya ga surukinsa a can, shi ya taka da shi, ciwonsu gida ɗaya, har an taɓa tsaga ƙirjin yaron.

Inna ta zauna a bakin turmi. Goggo ta ninke kalandar a hankali.

"Muna jinyar ɗaya a kwance, a ƙaro mana wani? Gobe motar farko zan shiga in sami uwarsa. A mayar musu da kayansu tun yarinya ba ta zama bazawara da goyo ba."

"Ba a kwance nake ba, Adda, zagaye uku na yi," in ji Bappa. "Kuma ba ni zan zauna da shi ba, ba ke ba. Ga mai maganar nan."

Duk suka juyo kaina. Na ce kar a sa rana, kar kuma a mayar da komai, akwai abin da nake son in sani tukuna. Goggo ta ce in san shi kafin gari ya waye, don ita ba ta fasa tafiya ba. Ta shige ɗaki.

Na shiga ɗakin ɗinki na rufo ƙofa. Wayata tana da saƙo ɗaya, daga Munzali: "Ga lambar likitata. Na kira ta na ba ta izini ta faɗa miki komai, har abin da kike jin nauyin tambayata. Tana tashi aiki ƙarfe huɗu. Duk abin da kika yanke bayan nan ba zan ga laifinki ba."

Na yago takarda daga littafin awon ɗinki na fara rubutu. Ƙarfen yana lalacewa? In ya manta ƙwayar kwana ɗaya fa? Hawa rufin gidaje da yake yi da kayan sola ba haɗari? 'Ya'ya suna gado? Zai iya azumi? Na cika shafi, na juya baya. Tambayar ƙarshe sai da na daɗe riƙe da biro kafin na rubuta ta, da ƙananan baƙaƙe, a can ƙasa.

Ƙarfe huɗu da kwata na kira. Ta taga ina hango Bappa zaune yana murza cinyoyinsa, Inna tana tsaye a kansa ba ta hana shi ba. Wayar ta yi ƙara sau uku aka ɗauka, wata murya mai sanyi ta yi sallama ta ce ko Khairiyya ce, tana jirana, in tambayi duk abin da nake so.

Na kalli takardar. Na tsallake shafin farko gaba ɗaya, na juya baya, na sa yatsa a kan ta ƙasan.

"Likita," na ce, "in na aure shi, zan tsufa tare da shi?"